Gajerun bindigogi masu ɗana kansu a farautar barewa a Amurka: asalinsu, amfaninsu da iyakarsu

A kowace shekara, da zarar watan Nuwamba ya kama, miliyoyin mutane a Amurka kan shiga daji domin farautar barewa. Jihohi ne ke yanke ranakun buɗe farautar da na rufe ta, su ne kuma ke sayar da lasisi tare da ƙayyade yawan dabbobin da kowane maharbi zai iya ɗauka. Ana kiyasta cewa barewar da ake harbewa a ƙasar duk shekara ta kai kimanin miliyan shida, kuma gidaje da dama a karkara da namanta suke cika firinji har shekara ta zagayo.

Daga cikin makaman da ake wannan farauta da su akwai wata gajeriyar bindiga mara nauyi wadda ke ɗura wa kanta harsashi bayan kowane harbi. Wasu maharba na ganin babu kamarta a cikin duhun daji. Wasu na ganin ƙarfinta bai kai ba. Wasu jihohin sun ƙayyade yawan harsashin da za ta ɗauka, wasu ƙasashen kuma sun haramta ta baki ɗaya. Fahimtar wannan saɓani na buƙatar a san dabbar da ake farauta, da dajin da take ciki, da yadda bindigar take aiki.

Wace barewa ake nufi?

Dabbar da ake magana a kai dangi ce daban da barewar da aka sani a ƙasar Hausa. Tamu tana cikin dangin gada da mariri, ƙahonta kuma na dindindin ne. Ta Amurka kuwa namijinta ne ke fitar da ƙaho mai rassa kamar na itace, ya zubar da shi a ƙarshen hunturu, wani sabo ya tsiro. Babu irin wannan dabba a dazuzzukan Afirka kudu da Sahara. An ara mata sunan barewa ne saboda kamanni.

Wadda aka fi farauta ita ce mai farin ƙarƙashin wutsiya. Babban namijinta kan kai kilo 60 zuwa 130, gwargwadon yanki, macen kuma ba ta kai haka ba. Wajen shekarar 1900 farautar kasuwanci da saran daji sun kusa ƙarar da ita, har yawanta ya koma ƙasa da rabin miliyan. Dokokin jihohi ne suka ceto ta, tare da dokar tarayya ta Pittman-Robertson ta 1937, wadda ta ware harajin da ake karɓa a kan bindigogi da harsasai domin kula da namun daji. Harajin a yau kashi 11 cikin 100 ne a kan dogayen bindigogi da harsasai. Yanzu ana kiyasta yawan wannan barewa da kimanin miliyan 30. Ta yi yawan da take cinye amfanin gona, tana kuma haddasa haɗarin mota a kan tituna, don haka hukumomi ke ɗaukar farauta a matsayin babbar hanyar daidaita yawanta.

Ma'anar gajeriya da ma'anar mai ɗana kanta

Kalmar karbin ta samo asali ne daga Faransa, inda aka yi amfani da ita ga gajeriyar bindigar da sojan doki ke ratayawa. A yau ana kiran bindiga da wannan suna idan bututunta bai wuce inci 16 zuwa 20 ba, alhali na cikakkiyar bindigar farauta kan kai inci 22 zuwa 24. Inci 16 ɗin iyaka ce ta doka: a ƙarƙashin dokar tarayya ta 1934 da gyare-gyaren da aka yi mata, bindigar da bututunta ya gaza haka sai da rajista ta musamman. Nauyin irin waɗannan bindigogi yakan kama daga kilo biyu da rabi zuwa uku da ɗan ɗori.

Batun ɗana kai kuwa yana buƙatar bayani, domin ana yawan cakuɗa shi da na bindigar yaƙi mai aman wuta. Idan aka harba bindiga, albarushin da ya ƙone yana haifar da iska mai matsi wadda ke tura harsashi ta cikin bututu. A yawancin gajerun bindigogin farautar barewa masu ɗana kansu akwai ɗan rami a jikin bututun da ke karkatar da kaɗan daga wannan iska, ta tura wani ƙarfe baya. Ƙarfen ya fizgo kwanson da aka harba ya jefar da shi waje, sannan sifirin ya mayar da shi gaba, ya ɗauko sabon harsashi ya zura. Duk wannan na faruwa cikin ƙiftawar ido. Sai dai harbi na biyu ba zai tashi ba har sai maharbi ya saki kunama ya sake danna ta. Dannawa ɗaya, harsashi ɗaya. Mai aman wuta kuwa tana ci gaba da harbi muddin yatsa na kan kunama, kuma tun 1986 dokar Amurka ta hana sayar wa farar hula sababbin irinta.

Dajin ne ya haifar da ita

A yammacin Amurka fili a buɗe yake, maharbi na iya hango dabba daga nisan mita 300, don haka a can aka fi son doguwar bindiga mai nauyi da madubin saiti. Gabashin ƙasar ya sha bamban. A jihohi irin su Maine da New York da Michigan, da kuma fadamun kudu, itatuwa sun yi kauri, kuma yawancin harbi ana yin sa ne a tazarar da ba ta kai mita 100 ba, sau da yawa ma ƙasa da 50. Barewa kan ɓullo tsakanin itatuwa na 'yan daƙiƙu ta ɓace.

A irin wannan wuri doguwar bindiga wahala ce. Bakinta na maƙalewa a rassa, ɗaga ta zuwa kafaɗa na ɗaukar lokaci, wanda kuma ya yini yana bin sawu cikin dusar ƙanƙara ya san bambancin kilo uku da kilo huɗu da rabi. Shekaru da dama maganin wannan matsala shi ne Winchester samfurin 1894 mai harsashin .30-30, wadda ake ɗanawa da hannu ta hanyar jan wani mariƙi a ƙarƙashinta. An ƙera fiye da miliyan bakwai nata. Masu ƙera bindiga mai ɗana kanta sun so su ba maharbi irin wannan sauƙin ɗauka, tare da cire masa aikin ɗanawa, ta yadda idonsa ba zai bar dabbar ba tsakanin harbi na farko da na biyu. Akwai ƙarin fa'ida guda: tunda wani ɓangare na ƙarfin harbin na tafiya wajen motsa ƙarafan ciki, naushin da bindigar ke yi wa kafaɗa yana raguwa, abin da ke taimaka wa matasa da dattawa da masu ƙaramin jiki.

Daga fagen yaƙi zuwa dajin farauta

Bindigar farauta mai ɗana kanta ta daɗe. A 1906 kamfanin Remington ya fitar da wadda John Browning ya zana, wadda daga baya aka sani da samfuri na 8. Amma tana da nauyi, kuma ba ta yaɗu sosai ba.

Abin da ya sauya tunanin jama'a shi ne Yaƙin Duniya na Biyu. A 1941 rundunar sojan Amurka ta karɓi M1 Carbine, wadda kamfanin Winchester ya zana domin direbobi da masu harba igwa da sauran sojojin da babbar bindiga za ta yi musu nauyi. Nauyinta kimanin kilo 2.4 ne, bututunta inci 18, gidan harsashinta na ɗaukar 15. An ƙera fiye da miliyan shida kafin yaƙin ya ƙare. Sojoji sun koma gida da sabonta, kuma a farkon shekarun 1960 gwamnati ta sayar da rarar da ta rage ga farar hula a kan kimanin dala 20 kowace. Da yawa sun shiga daji da ita, nan ne kuma rauninta ya bayyana: harsashinta mai nauyin giram bakwai ba shi da ƙarfin da zai kayar da babbar barewa nan take sai a kusa ƙwarai.

William Ruger, wanda ya kafa kamfanin Sturm, Ruger a jihar Connecticut a 1949, ya ga wannan giɓi. A 1961 ya fitar da bindiga mai kama da M1 a girma da siffa, amma mai harba harsashin .44 Magnum, wanda nauyinsa ya ninka na M1 har da ɗori. Tana ɗaukar harsashi huɗu a gidanta, bututunta inci 18 da rabi, nauyinta kimanin kilo 2.6. Ya sa mata suna Deerstalker, amma kamfanin Ithaca, mai wata bindiga da ake kira Deerslayer, ya ƙalubalanci sunan, aka janye shi. An ci gaba da ƙera ta har 1985. Kamfanin ya dawo da irinta da sunan Deerfield daga 2000 zuwa 2006.

Wasu kamfanonin sun bi wata hanya, suka gajarta manyan bindigoginsu. Remington 742, wadda ta fito a 1960, tana da samfuri mai bututu inci 18 da rabi da ke harba manyan harsasai irin su .308 da .30-06. Ita ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ta fi nauyi, ƙararta kuma ta fi tsanani. A 1987 Ruger ya fitar da Mini Thirty mai harba harsashin 7.62x39, irin na AK-47. A daidai wannan lokaci bindigar SKS, wadda Tarayyar Sobiyet ta zana, ta cika kasuwar Amurka da arha, galibi daga Sin, har ta zama bindigar farautar masu ƙaramin ƙarfi a kudancin ƙasar.

Tambayar ƙarfi

Babban abin da ake auna bindigar farauta da shi shi ne ko za ta kashe dabba da sauri ba tare da azabtarwa ba. Wurin da ake nufa shi ne zuciya da huhu, bayan kafaɗar gaba, fili ne da bai wuce faɗin faranti ba. Harsashin da ya sauka nan da isasshen ƙarfi yakan kayar da barewa cikin daƙiƙu. Wanda ya kauce, ko ya isa da rauni, yakan bar ta ta gudu da ciwo, ta mutu a wani wuri bayan sa'o'i ko kwanaki, naman ya lalace.

Ana auna ƙarfin harsashi da ma'aunin jul. Maharban Amurka na da wata ƙa'ida ta al'ada, cewa harsashi ya isa jikin barewa da ƙarfin da bai gaza kimanin jul 1,350 ba. Harsashin M1 na fita daga bakin bindiga da kimanin jul 1,300, wato tun kafin ya yi tafiya ya riga ya gaza wannan ma'auni. Na 7.62x39 na fita da kimanin 2,000, na .44 Magnum daga gajeriyar bindiga kimanin 2,200, na .30-30 kimanin 2,500, na .308 kuwa ya kai 3,500. Harsashi mai kauri da faɗin kai irin .44 yana saurin rasa gudu, yana kuma saurin sunkuyawa ƙasa, don haka amfaninsa na ƙarewa wajen mita 100. Na 7.62x39 na iya kaiwa mita 150. Gajeren bututu ma yana rage gudun harsashi, domin albarushi bai gama aikinsa ba harsashin ya fice.

Irin harsashin ma na da muhimmanci. Na soja an lulluɓe shi da ƙarfe baki ɗaya, yana ratsa jiki ya fita ba tare da ya buɗe ba. Yarjejeniyar Hague ta 1899 ce ta hana amfani da harsashi mai buɗewa a yaƙi. A farauta kuwa akasin haka ake so: harsashi mai taushin kai da zai buɗe a ciki ya gaggauta mutuwa. Saboda haka jihohi da dama suka haramta farautar barewa da harsashin soja. Jihar California ta ƙara nata sharaɗin, inda tun 1 ga Yulin 2019 ta hana farauta da harsashin dalma, domin gutsattsarinsa na kashe tsuntsayen da ke cin ragowar mushe.

Dokokin jihohi

Babu doka ɗaya ta farauta a Amurka, kowace jiha da tata. New York da Michigan sun hana farauta da bindiga mai ɗana kanta da ke ɗaukar fiye da harsashi shida. Maine ta tsaya a kan biyar a gidan harsashi. Virginia ba ta yarda a harbi barewa da harsashin da kaurinsa ya gaza .23 na inci ba, Colorado kuma .24, abin da ya fitar da ƙaramin harsashin .223 daga lissafi a can. Irin wannan sharaɗi na cikin dalilan da suka sa aka ƙera Mini Thirty. Pennsylvania, wadda ke cikin jihohin da suka fi yawan mafarauta, ta amince da bindiga mai ɗana kanta a 2017 domin ƙananan dabbobi, amma ta ƙi amincewa da ita a farautar barewa bayan ta ji ra'ayin mafarautanta.

A jihohin tsakiya masu shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da yawan gidajen gona, an daɗe ana hana bindiga mai dogon zango saboda tsoron harsashi ya wuce ya faɗa gidan mutane. Daga baya aka sassauta. Ohio da kudancin Michigan a 2014, sannan Iowa a 2017, sun yarda da harsasai masu miƙaƙƙen kwanso, waɗanda ba sa tafiya da nisa sosai. Ohio ta gindaya cewa kada bindigar ta ɗauki fiye da uku. Wannan sauyi ya farfaɗo da kasuwar gajerun bindigogi, kuma a 2019 Winchester ya fitar da harsashin .350 Legend musamman domin waɗannan jihohi. Ana harba shi har da bindigogi samfurin AR-15, waɗanda a yau su ne suka maye gurbin tsofaffin na katako a hannun matasan maharba da yawa.

Muhawarar da ta wuce farauta

Na'urar da ke bai wa maharbi saurin harbi na biyu ita ce kuma ke bai wa mai mugun nufi damar kashe mutane da yawa cikin ɗan lokaci. Wannan ne ya sa ƙasashe da dama suka ɗauki mataki. Birtaniya ta haramta manyan bindigogi masu ɗana kansu a 1988, bayan kisan gillar Hungerford na 1987. A Ingila da Wales ana farautar barewa da bindigar da ake ɗanawa da hannu, kuma dokar 1991 ta buƙaci harsashi mai kaurin .240 na inci da ƙarfin kimanin jul 2,300 ga manyan nau'o'i. Ostareliya ta bi sahu a 1996 bayan harin Port Arthur, New Zealand kuma a 2019 bayan harin da aka kai masallatai biyu a Christchurch. Jamus ta bar maharba su yi amfani da ita, da sharaɗin kada a ɗura mata fiye da harsashi uku.

Kanada ta nuna wuyar jan layi tsakanin bindigar farauta da ta ɓarna. A watan Mayun 2020 ta haramta nau'o'i da dama, ciki har da Ruger Mini-14, wadda aka yi amfani da ita wajen kashe mata 14 a wata kwalejin injiniya a Montreal a 1989. Da aka zo faɗaɗa haramcin ya haɗa da SKS, al'ummomin 'yan asalin ƙasar da ke farautar abinci da ita sun yi adawa, har gwamnati ta janye gyaran a farkon 2023. A Amurka kanta, dokar haramta wasu bindigogi da ta yi aiki daga 1994 zuwa 2004 ta keɓe Mini Thirty da Remington 7400 da sunansu a matsayin na farauta.

A Najeriya matsayin doka a bayyane yake. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na farko su ne haramtattu, ciki har da bindigogin soja masu harsashin 7.62, waɗanda ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na biyu su ne na amfanin kai, irin bindigogin farauta, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku su ne na ɗuri, kamar bindigar toka, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke kula da su. Riƙe kowace iri ba tare da izini ba laifi ne da ke kai mutum gidan yari.

Abin da gogaggun maharba ke faɗa

Masu koyar da farauta a Amurka, inda jihar New York ta fara wajabta horon tsaro tun 1949, sun fi jaddada harbin farko. Barewar da ke tsaye ko tafiya a hankali ita ce ake iya saitawa. Da zarar ta zabura tana tsalle tsakanin itatuwa, harbi na biyu da na uku sau da yawa rauni kawai suke ƙara mata, ko su tafi inda maharbi bai gani ba, a dajin da wasu mutane ke ciki. Wannan ne dalilin da ya sa jihohi da yawa suka wajabta sanya riga mai launin ruwan lemo mai haske a lokacin farauta, kuma ake koya wa kowane maharbi ya tabbatar da abin da yake saitawa da abin da ke bayansa kafin ya danna kunama. Bindiga mai ɗana kanta na da wani haɗarin daban: bayan harbi ta riga ta sake ɗanuwa, kuma maharbin da murna ta ɗauke masa hankali na iya mantawa da hakan.

Tana kuma buƙatar kulawa fiye da wadda ake ɗanawa da hannu. Hayaƙin albarushi na toshe ramin iska, mai kuma na daskarewa a tsananin sanyi, sai ta ƙi fitar da kwanso a lokacin da aka fi buƙatarta. Saitinta a nesa ma galibi bai kai na doguwar bindiga ba.

Ga maharbin da ke farauta a kurmi, wanda ya san iyakar harsashinsa kuma ya kiyaye dokar jiharsa, gajeriyar bindiga mai ɗana kanta kayan aiki ce da ta dace da wurinta, kuma ta shafe fiye da shekara 60 tana wannan aiki. Idan tazara ta wuce mita 150, ko dabbar ta fi barewa girma, wata bindigar ake nema.